Yadda Ake Tantance Duniya da Rainon Sabon Matsuguni a Wasan Master of Orion II

Master of Orion II wasan dabaru ne na sararin samaniya da kamfanin SimTex ya ƙera, MicroProse ta fitar da shi a 1996. Zagaye-zagaye ake buga shi: ka ba da umarni, ka danna, lokaci ya matsa. A cikinsa jama'a su ne komai. Su ke noma, su ke ƙira, su ke bincike, su ke biyan haraji, kuma da yawansu ake ƙirga ƙuri'arka a majalisar taurari.

Kuskuren sabon ɗan wasa guda biyu ne. Ko dai ya ƙi kowace duniya sai koriya shar, ya zauna yana jira, ko kuma ya sauke jirginsa a kan kyakkyawar duniya ya bar ta da mutum ɗaya yana tsammanin kyawunta zai cika ta da wuri. Duka biyun sun samo asali daga rashin sanin abu ɗaya: ingancin duniya bai cika taɓa saurin haihuwar farko ba. Abin da yake yankewa shi ne inda yawan jama'a zai tsaya, da abin da za su ci, da abin da za su ƙera. Wanda ya gane wannan zai riƙa haifar mutane a wuri ɗaya, yana zaunar da su a wani.

ABIN DA ZA KA TANADA

Wasan kansa, bugu na 1.31. Ana samun wasan a shagunan intanet na GOG ko Steam, yana tafiya ta DOSBox, manhajar kunna tsoffin wasannin kwamfuta. Duk alƙaluman da ke nan na wannan bugun ne. Akwai gyaran masoya wasan mai lamba 1.50 da ke ba da damar sauya dokoki, don haka idan shi ka ɗora, ka bar shi a kan dokokin asali.

Kalkuleta mai alamar √, da takarda da biro. Ta waya ma ta isa.

Sabon wasa na gwaji: matsakaicin fili, shekarun taurari da matakin fasaha duka a kan Average, jinsi kuma ka ɗauki 'yan Adam. Dalili shi ne ba su da wata baiwa ko naƙasa a yanayi, noma ko ƙira, don haka lissafinka zai yi daidai da abin da allo ke nunawa. Da wannan saitin za ka fara da jirgin kafa matsuguni ɗaya da jiragen leƙe biyu.

Kalmomi kaɗan kafin mu shiga. Kowane ɗan mutum-mutumi da ka gani a allon matsuguni miliyan ɗaya ne, shi zan riƙa kira "mutum". Ana lissafa ƙaruwar jama'a da dubbai a kowane zagaye, idan ta taru ta kai dubu 1,000 sai sabon mutum ya fito. Makin ƙira shi ne PP, makin bincike RP, kuɗin wasan BC. Tauraro da duniyoyin da ke kewaya shi kuma zan kira su gidan tauraro.

MATAKI NA 1: KA LEƘA KAFIN KA SAUKA

A zagayen farko tura jiragen leƙe biyun zuwa taurari mafi kusa, kowanne nasa daban. Taurari masu launin rawaya da ruwan lemo sun fi ba da duniyoyin da rai ke zama, shuɗaye da farare sun fi arzikin ma'adinai amma yanayinsu ya fi tsanani. Kada ka tura jirgin kafa matsuguni inda ba a leƙa ba. Wasu gidajen taurari dodanni ke gadinsu, jirgin kuma ba shi da makami, sabonsa PP 500 ne. Jiran zagaye uku ko huɗu bai kai wannan asarar ba. Ka dai rubuta gidajen da dodanni ke gadi, don sau da yawa nan ne duniyoyi mafi kyau suke, za ka komo musu idan rundunarka ta yi ƙarfi.

MATAKI NA 2: KARANTA ABUBUWA HUƊU NA KOWACE DUNIYA

Buɗe allon Planets. Kowace duniya tana da girma, yanayi, ma'adinai da ƙarfin janyowa. A jere ake karanta su, kuma biyun farko tare ake haɗa su.

Girma hawa biyar ne, kowane da cikakken adadinsa: Tiny 5, Small 10, Medium 15, Large 20, Huge 25. Yanayi shi ke faɗin kaso nawa na wannan adadin zai zaunu. Duniya mai dafi da wasan ke kira Toxic, da mai ƙunar radiyeshan wato Radiated, da faƙo wato Barren, da hamada, da mai ƙanƙara wato Tundra, da mai teku, duk kashi 25 cikin 100 ne. Fadama wato Swamp kashi 40, busasshiya wato Arid kashi 60, irin tamu wato Terran kashi 80, Gaia kuwa gaba ɗaya. Ninka biyun ka samu iyakar mutanen da duniya za ta ɗauka. A matsakaiciyar duniya ke nan: 4 ga rukunin farko, 6 ga fadama, 9 ga busasshiya, 12 ga Terran, 15 ga Gaia. A babba: 5, 8, 12, 16, 20. A mafi girma: 6, 10, 15, 20, 25.

Lura da abin da wannan ke nufi. Ƙatuwar hamada mutum 6 take ɗauka, daidai da ƙaramar busasshiya. Girman hoto a allo yana yaudara. Haka sunan teku yana da daɗin ji, amma ga 'yan Adam ɗaukarta ɗaya da ta faƙo.

Yanayi kuma shi ke yanke noma. Manomi ɗaya yana fitar da abinci 3 a Gaia, 2 a Terran da teku da fadama, 1 a hamada da ƙanƙara da busasshiya. A mai dafi, mai radiyeshan da faƙo ba a noma ko kaɗan. Kowane mutum abinci 1 yake ci a zagaye, manomin ma har da shi. Saboda haka manomi a duniyar abinci 1 cikinsa kawai yake ciyarwa, sa shi noma ɓata hannu ne. Busasshiya ta fi kowa ruɗar mutane a nan: tana ɗaukar jama'a da yawa amma ba ta iya ciyar da su. Akwai kuma ƙarin kuɗin kula da gine-gine: kashi 50 a mai dafi, kashi 25 a mai radiyeshan da hamada.

Ma'adinai su ke yanke abin da ma'aikaci ɗaya ke ƙerawa: Ultra Poor 1, Poor 2, Abundant 3, Rich 5, Ultra Rich 8. Ba sa taɓa bincike. Masani RP 3 yake bayarwa a ko'ina, don haka babbar duniya matalauciyar ma'adinai wurin masana ce, ba abin yarwa ba.

Ƙarfin janyowa iri uku ne. Daidaitacce ba shi da hukunci. Mai rauni yana rage kashi 25 na abin da manomi, ma'aikaci da masani ke fitarwa, mai tsanani yana rage rabi. Abin takaici, manyan duniyoyi masu arzikin ma'adinai su suka fi zuwa da mai tsanani, sai ka ga 8 ta koma 4.

Duba kuma ko duniyar na da wata kyauta. Zinariya tana ƙara BC 5 a zagaye, duwatsu masu daraja BC 10, kufan tsoffin al'ummu suna ƙara RP 2 ga kowane masani. Idan akwai 'yan asali, ka samu ƙwararrun manoma kyauta, sai dai noma kaɗai suke yi kuma ba a ɗauke su daga duniyarsu.

MATAKI NA 3: KOYI LISSAFIN HAIHUWA

Wannan ne ka'idar da ba makawa sai ka san ta. Ninka 2,000 da mutanen da ke wurin, ka ninka da gurbin da ya rage, ka raba da iyakar ɗauka, sannan ka danna √. Abin da ya fito, ba tare da ɓurɓushin bayan ɗigo ba, shi ne dubban da ke ƙaruwa a zagaye.

Gwada da mutum ɗaya. A faƙo mai ɗaukar 4, amsar dubu 38 ce. A Terran mai ɗaukar 12, dubu 42. A Gaia mafi girma mai ɗaukar 25, dubu 43. Tsakanin mafi muni da mafi kyau dubu biyar ne kacal. A kowace daga cikin ukun ka sauke mutum ɗaya, zai yi zagaye 24 zuwa 27 kafin ya samu na biyu.

Bambancin sai an taru yake fitowa. Haihuwa tana kai ƙololuwa ne idan duniya ta cika rabi. Faƙon can da mutum 2 yana ba da dubu 44, daga nan sai ƙasa. Terran ɗin da mutum 3 dubu 67, da 6 dubu 77, da 9 ya koma 67, da 11 ya koma 42. Gaia da mutum 12 tana ba da dubu 111. Duniyar da ta cika ba ta haihuwa sam, haka wadda iyakarta 1 ce tun daga farko.

Idan ka tara zagayen duka, Terran mai ɗaukar 12 da aka bari da mutum ɗaya sai ta yi kusan zagaye 180 kafin ta cika. Zagaye 56 na farko suna tafiya ne a kan hawa daga 1 zuwa 4. Waɗannan su ne zagayen da za ka saya da dabara.

A kan wannan tushen ake ɗora ƙari na kaso, kuma tara su ake yi wuri ɗaya kafin a ninka: baiwar jinsi, wadda ke iya zama ragin kashi 50 ko ƙarin 50 ko 100, sai magani, Microbiotics kashi 25 ko Universal Antidote kashi 50, sai ginin gidaje. Bayan an ninka, cibiyar kwafin halitta wato Cloning Center tana ƙara dubu 100 cur, kowane abinci ɗaya da ya gaza kuma yana cire dubu 50.

MATAKI NA 4: RABA DUNIYOYI GIDA UKU, KA ZAƁI TA FARKO

Ɗauki takardarka ka sa kowace duniya a ɗaya daga cikin uku. Mazauni: mai ɗaukar mutum 8 ko fiye, nan jama'a za su ƙare. Maƙyanƙyasa: mai ɗaukar 3 zuwa 6, ko da faƙo ce, aikinta haihuwa. Sansani: ƙattan duniyoyin iska da tarin duwatsun sarari, ba a zama a kansu, amma jirgin kafa sansani na PP 100 zai kafa tuta ya tsawaita nisan da jiragenka ke kaiwa.

Jirginka na farko ya tafi mazauni mai noman abinci 2 ko 3, kuma gidan tauraron kake zaɓa, ba duniyar kaɗai ba. Da zarar kana da matsuguni a gida, kowace duniya da ke cikinsa za ka iya kama ta da Colony Base, ginin da ke kafa matsuguni ba tare da jirgi ba, a kan PP 200 maimakon 500. Terran matsakaiciya mai maƙwabta uku ta fi babbar Terran da ke zaune ita kaɗai.

Idan babu mai noma a iya nisanka, ɗauki mafi yawan ɗauka mai daidaitaccen janyowa, amma ka fara gina jiragen dako kafin jirgin ya sauka. Idan babu ko wannan, tura sansani ya buɗe maka hanya, ka riƙe jirgin. Kada ka kashe jirgin 500 a kan duniya mai ɗaukar 1 ko 3 don gajiya da jira.

Kafin duk wannan ma, duba gidan tauraronka na asali. Duniyoyin da ke maƙwabtaka da babban birninka su ne mafi arha da za ka taɓa samu.

MATAKI NA 5: ABINCI KAFIN JAMA'A

Ayarin jiragen dako PP 50 ne, jirage biyar ke ciki. Kowane jirgi abinci ɗaya yake ɗauka, kuma idan yana aiki yana cin rabin BC a zagaye. Faƙo mai mutum 4 yana buƙatar rarar abinci 4 daga wani wuri, jirage 4, da BC 2, shi kuma yana biyan harajin BC 4. Lissafin yana fita, muddin rarar tana nan.

Haɗarin yana ga sabon matsuguni. Haihuwarsa dubu 38 ce, gazawar abinci ɗaya tana cire 50, sai ka ga jama'a na raguwa da dubu 12 kowane zagaye. A allon Colonies alƙaluma biyu za ka riƙa dubawa duk zagaye: rarar abinci da jiragen dako da ba sa aiki. Abinci na iya isa a daula amma matsuguni ya kwana da yunwa don jirage sun ƙare.

Ka tattara noma a inda manomi ya fi amfani, yawanci duniyarka ta asali. Gyaran ƙasa wato Soil Enrichment yana ƙara 1 ga kowane manomi, PP 120 ne kuma ba shi da kuɗin kulawa. A Terran ya mayar da 2 zuwa 3, wato rarar kowane manomi ta ninka daga 1 zuwa 2. Gonar ruwa wato Hydroponic Farm tana ba da abinci 2 ba tare da manomi ba, a kowane yanayi, a kan PP 60 da BC 2 duk zagaye. Tana da amfani a matsugunin bakin iyaka, domin idan abokin gaba ya yi wa gida ƙawanya jiragen dako ba sa shiga.

MATAKI NA 6: KAFA MAƘYANƘYASA

Nan ne ribar take. Idan ka sa matsuguni a kan ginin gidaje wato Housing, duk ƙirarsa tana komawa haihuwa. Ƙarin kason shi ne PP sau 40, a raba da yawan mutanen wurin. Tunda rabawa ake yi, mutum ɗaya ya fi kowa cin moriya.

Ga yadda ake yi, da misalin matsakaicin faƙo mai ma'adinan Abundant.

Na ɗaya, kama duniyar da Colony Base. Mutumin da ya sauka ka sa shi ƙira, zai ba da PP 3.

Na biyu, sa masana'anta mai sarrafa kanta, Automated Factory, a layin gini. PP 60 ce, tana ƙara 1 ga kowane ma'aikaci da 5 na kanta. Kada ka saye ta da kuɗi a ranar farko, BC 240 za ta ci. Bari ya yi zagaye 10 ta kai rabi, sannan ka biya BC 60 ka ƙarasa.

Na uku, da ta kammala ka juya zuwa Housing. Yanzu PP 9 ne, ƙarin kashi 360. Dubu 38 ta koma kusan 174, mutum ɗaya duk zagaye 6 maimakon 27.

Na huɗu, ranar da mutum na biyu ya fito ka ɗauke shi. Idan ka bar su biyu, ƙira za ta haura amma rabawa da biyu ta ci ribar, haihuwar ta sauko wajen dubu 150.

Yanzu dubi yadda inganci ke shiga. A Rich PP 11 ne, kusan dubu 205. A Poor PP 8, kusan 159. Ko a Ultra Poor PP 7 ne, kusan 144, domin 5 ɗin masana'antar ita ke ɗauke da nauyin. Wannan ya sa duniyar da ka raina a mataki na biyu ta fi babban birninka haihuwa, shi da yake ba da dubu 73 da mutum 8 cikin 12. Ultra Rich ta fi kowa, amma gurɓata za ta ɗan gutsira. Kowace duniya tana jure ƙirar ma'aikata gwargwadon girmanta, 2, 4, 6, 8, 10 daga ƙarama zuwa mafi girma, abin da ya haura kuma kusan rabinsa ke tafiya wajen shara. A ra'ayina Ultra Rich mai ɗaukar 5 ko 6 ba ta cancanci zama maƙyanƙyasa na dogon lokaci ba. Cika ta ka sa ta ƙera jirage.

Cibiyar kwafin halitta PP 100 ce da BC 2 a zagaye. Tunda dubu 100 ɗinta ba ta dogara da girma ko yanayi ba, gina ta a wurin da ba zai taɓa cika ba, wato maƙyanƙyasa. Dubu 174 ta zama 274, mutum duk zagaye 4. Wanda ya gina ta a duniyar da saura mutum ɗaya ta cika ya sayi amfanin da bai kai zagaye goma ba, sannan ya ci gaba da biyan BC 2 a banza.

Idan ba ka binciko masana'antar ba tukuna, Housing da PP 3 kaɗai yana ba da kashi 120, kusan dubu 83. Ya fi a bar shi haka nan. Idan duniyar Tiny ce mai ɗaukar 1, gina Biospheres tukuna, PP 60, ya ƙara gurbi 2, sannan haihuwa ta fara. Idan kuma mulkin jinsinka Dictatorship ne ko Feudal, rashin barikin soja yana rage ƙwarin gwiwa da kashi 20, ƙirar ma'aikacin za ta yi ƙasa da abin da na rubuta.

MATAKI NA 7: KWASHE MUTANE ZUWA INDA ZA SU YI AMFANI

A allon Colonies ake ɗaukar mutum a ajiye shi a layin wani matsuguni. Cikin gidan tauraro ɗaya nan take yake isa, babu jirgi. Zuwa wani gida kuwa, kowane mutum yana riƙe jiragen dako 5 har ya sauka. Nan ake yawan tuntuɓe: ka tura mutum biyu, jirage 10 sun fita daga jigilar abinci, matsugunai uku su shiga yunwa. Ƙirga jiragen da ba sa aiki kafin ka ɗauki kowa. Ayari ɗaya ko biyu na musamman don jigilar mutane ya kamata ka ajiye.

Ina za a kai su? Ga mazaunin da ya fi nisa da rabinsa. Sabuwar Terran mai mutum 1 ta fi buƙata, mutum uku da za ka kai mata sun share mata zagaye 56. Idan ta kai rabi, haihuwarta ta kankama, sai ka juya ga ta gaba. Guraben ƙarshe guda biyu su ma jinkiri gare su, don haka idan babu sabon mazauni, ƙarasa cike tsofaffi da hannu.

Babban birninka ma majiya ce. Da mutum 11 cikin 12 haihuwarsa ta faɗi zuwa dubu 42, da 12 ta tsaya cik. Idan kana da mazaunin da ke jira, ɗauki mutum daga birnin duk lokacin da ya kusa cika. Sai dai ka tuna birnin ne ke da gine-gine. Mutumin da ka cire daga wurin da yake da masana'anta da ɗakin bincike ka kai shi inda babu komai, amfaninsa zai ragu na ɗan lokaci. Gina su a mazaunin tun mutanen na hanya.

MATAKI NA 8: ƊAGA INGANCIN DUNIYAR

A wannan wasan, in ba jinsinka na da baiwar Creative kamar Psilon ba, fasaha ɗaya kake zaɓa a yawancin fagage, sauran sai ta musaya, leƙen asiri ko yaƙi. A fagen RP 80 na ilimin halitta zaɓin tsakanin gonar ruwa ne da Biospheres. Gurbi 2 a duniya mai ɗaukar 4 ƙarin rabi ne, kuma BC 1 kawai yake ci, shi ya sa na fi ba shi ƙarfi. A fagen RP 400 waɗanda suka shafe mu su ne cibiyar kwafi da gyaran ƙasa. Mai fama da abinci ya ɗauki gyaran ƙasa, mai rarar abinci da guraben da ba kowa ya ɗauki cibiyar.

Sauya yanayi, Terraforming, yana zuwa a fagen RP 1,150. Karon farko PP 250 ne, kowane ƙari a duniya ɗaya yana daɗa tsada. Hawa ɗaya yake yi a lokaci guda, kuma ribar ba ɗaya ba ce. A matsakaiciyar duniya, teku zuwa Terran ta tashi daga 4 zuwa 12, babu cinikin da ya kai wannan. Fadama zuwa Terran 6 zuwa 12. Hamada zuwa busasshiya 4 zuwa 9, kuma ƙarin kuɗin kulawa ya tafi. Busasshiya zuwa Terran 9 zuwa 12, noma ya ninka. Ƙanƙara zuwa fadama 4 zuwa 6. Faƙo kuwa yana komawa hamada ko ƙanƙara, iyakarsa na nan a 4, sai karo na biyu za ka ga canji. Bi wannan jerin wajen kashe ƙirarka, faƙo a ƙarshe.

Mai radiyeshan sai an gina mata garkuwa, Planetary Radiation Shield, ta koma faƙo, sannan ta karɓi sauyi. Mai dafi ba ta karɓa, yadda ka same ta haka za ta ƙare, don haka maƙyanƙyasa ce ko wurin haƙa, kuma kada ka cika ta da gine-gine masu tsadar kulawa. Hukuncin janyowa yana tafiya da Planetary Gravity Generator, wanda a duniyar janyowa mai tsanani yake ninka aikin kowa, shi ya kamata ya zama ginin farko a can da zarar ka same shi. Can gaba akwai Advanced City Planning mai ƙara gurbi 5 ga kowace duniya, da Gaia Transformation mai ɗaga Terran zuwa Gaia.

Duk lokacin da iyaka ta tashi, duniyar da ta cika ta koma mai gurbi. Sake duba takardarka, domin maƙyanƙyasar jiya na iya zama mazauni yau.

MATAKI NA 9: GYARA LISSAFIN IDAN KA SAUYA JINSI

Inganci ba na duniya kaɗai ba ne, na duniya da mai zama a kanta ne. Masu rayuwar ruwa irin Trilarian suna ɗaukar teku da Terran a matsayin Gaia, ƙanƙara da fadama a matsayin Terran. A gare su matsakaiciyar teku mutum 15 ce, kuma sauya ta zuwa Terran zubar da PP 250 ne. Masu zaman ƙarƙashin ƙasa irin Sakkra suna ƙara gurbi 2 ga kowane hawan girma, 6 a matsakaiciya, 10 a mafi girma, don haka girma ya fi yanayi muhimmanci a wurinsu. Silicoid suna da juriya mai ƙara kashi 25 ga kowane yanayi da bai kai Gaia ba, faƙon 4 ya zama 8, ba sa cin abinci kuma gurɓata ba ta damunsu. Bulrathi ba sa jin janyowa mai tsanani. Psilon kuwa daga duniya mai raunin janyowa suke, daidaitacce ma yana rage musu kashi 25.

Ragin haihuwa na kashi 50 da Silicoid ke da shi yana tsorata sababbi, amma tunda tara kaso ake yi, a maƙyanƙyasa mai kashi 360 bambancin 174 ne da 155. Jinsi mai jinkirin haihuwa shi ya fi kowa buƙatar mataki na shida. Idan ka ci wata duniya da yaƙi ka samu jinsi na biyu, ba shi tasa maƙyanƙyasar, ka riƙa tura 'ya'yansa duniyoyin da suka dace da jikinsu: na ruwa zuwa tekuna da ƙanƙara, masu jure nauyi zuwa manyan duniyoyin ma'adinai.